Farin Man Inna Turai

"Riƙe mata hannuwa mana, Saudatu! Sai ta yage fatar nan kina kallo?"

Na riƙe. Inna Turai ta kwantar da 'yata rub da ciki a kan cinyarta, ta lakato mai da yatsa biyu daga 'yar ƙwarya, ta murza a tafin hannu har ya narke, sannan ta fara bin bayan yarinyar daga ƙeya zuwa ƙugu. Kukan ya soma sauka, ya koma shessheƙa.

"Dubi ja'ira tana lumshe ido," in ji ta. "Ke da ubanki tela ne, amma ko rigar kirki jikinki ya ƙi. To, ƙawata, yau kam sai..."

Ba ta ƙarasa ba. Hannunta ya tsaya a tsakiyar bayan Maijidda kamar mai sauraron wani abu. Na ɗago na dube ta. Bakinta ya karkace gefe guda, idonta na hagu ya sauko, sai ta fara zamewa a jikin bango a hankali. Na fizge yarinyar kafin ta faɗo, na ƙwalla ihun da har yau ban san daga ina ya fito ba.

Ranar Asabar ce da hantsi, farkon damina, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Maza suka shigo suka ɗauke ta zuwa ɗakinta. Kafin azahar duk Tudun Kaya an ji cewa ɓarin jikin Inna Turai ya shanye.

Zana ɗaya ce ta raba gidanmu da nata, kuma akwai 'yar kafa a jikin zanar da nake bi in shiga ba sai na fita waje ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta guda, Laure, tana aure a Rogo Sabon Gari. Ita kaɗai take zaune da kajinta da turminta. Man kaɗe take yi, amma ba irin na kasuwa ba. Nata fari ne tas kamar kindirmo, ba shi da wari, kuma ba ta kai shi kasuwa. Na jarirai ne. Duk matar da ɗanta ya yi ƙuraje ko fatarsa ta tsattsage, daga Kafin Dafga har cikin Karaye, gidanta take aikowa.

Maijidda ita ce 'yar farina. Khadijatu aka raɗa mata, sunan uwar maigidana, shi ya sa ba mai kiran sunan. Tun tana wata uku jikinta ya fara. Sabulu ya taɓa ta, ta yi ja. Zufa ta zauna mata a wuya, wurin ya saɓule. Mun gwada man gyaɗa, mun gwada man shanu, mun gwada man kanti mai ƙamshi da Malam Sabi'u, maigidana, ya sayo a Kano, wanda ya sa ta kwana uku tana ihu. A disfensare suka shafe ta da shuɗin magani, ta dawo kamar an tsamo ta daga rijiyar marina, ƙaiƙayin kuma yana nan. Man Inna Turai ne kawai jikinta ya yarda da shi. In an shafa safe da yamma, sai ta zama yarinya kamar kowa.

Sau nawa na ce, "Inna, ki koya mini mana."

"Sai kin haifi na uku," take cewa tana dariya. "In na koya miki yanzu, wa zai riƙa leƙo ni?"

A bayan ɗakinta take aikinta, ita kaɗai, ta kewaye wurin da tabarma. Ban taɓa matsa mata ba. Ina ganin kamar Inna Turai za ta daɗe kamar kukar bakin kasuwa.

Da na koma gida ranar, na leƙa 'yar ƙwaryar. Abin da ya rage bai fi cikin cokali uku ba. Ina kuka don Inna, ina kuma auna man da ido, na ji kunyar kaina ta kama ni.

Laure ta iso ran Lahadi a motar kasuwa, tana ta zagin direban da ta ce har yanzu bai san hannunsa ba. Doguwar mace ce mai kaifin baki, ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ta shiga ta ga uwarta, ta fito ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi. Na bari sai da ta share ido sannan na gaishe ta, na yi mata ya mai jiki.

"Da sauƙi za a ce," in ji ta. "Tana gane mutane. Maganar ce sai a hankali."

Na shiga. Inna tana kwance a gadon kara, an jingina ta da matashi. Ta dube ni da ido ɗaya mai rai.

"Sau... ɗa... tu," ta ce. Harshen ya yi mata nauyi kamar an cika bakin da tuwo.

"Na'am, Inna. Sannu. Allah ya ba ki lafiya."

Na gyara mata matashin na fito.

Ran Litinin man ya ƙare. Na kankare ƙwaryar da farce, na zuba ruwan ɗumi na ɗauraye na shafa mata ruwan. Kafin la'asar Maijidda ta fara murza bayanta a jikin tabarma. Washegari maƙogwaronta da bayan gwiwoyinta da hammatarta duk sun yi jawur, sun fara tsattsafo da ruwa.

A ranar Gwaggo Lami ta zo daga Kafin Dafga duba Inna Turai, ta biyo ta gidanmu. Yayar mahaifin Malam ce, maganarta ba ta faɗuwa ƙasa a danginsu. Ta ɗaga yarinyar ta juya ta gaba da baya kamar mai tayin kaza.

"Wannan ai mugun jini ne," ta ce. "Shekara guda kuna ta shafe-shafe kamar masu gyaran amarya. Sabi'u!"

"Na'am, Gwaggo."

"Ran Juma'a da safe ka kira Ilu wanzami. A tsattsaga mata baya da ƙirji, a kafa ƙaho, baƙin jinin ya fita. Haka aka yi wa ubanka, ga shi ya haife ka."

Fatar da ko zaren riga ba ta ɗauka, ita za a bi da aska?

"Gwaggo," na ce a hankali, "da an ɗan ƙara kwana biyu..."

Ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa. "Iko sai Allah. 'Yar fari ce fa, Saudatu. Mu a zamaninmu ko kallonta ba ma yi a gaban mutane. Ke har da baki?"

Na sunkuyar da kai. Da ta tafi na sami Malam a zaure yana zare zare daga bakin keken ɗinki, ba ya ɗinka komai.

"Malam, ka yarda?"

"To ya zan yi? Ki duba ta. Ni ma ba so nake ba." Ya ajiye zaren, sannan ya ce, "In ta yi sauƙi kafin Juma'a, ni zan san abin da zan gaya wa Gwaggo. In ba ta yi ba, ba ni da bakin magana."

Na bi ta kafar zana na sami Laure tana dama kunu.

"Yaya Laure, don Allah, kin san yadda Inna take yin man nan?"

"Ni? Tun ina yarinya warin kaɗe ke tayar mini da zuciya. In ta fara, gidan kawuna nake gudu." Ta dube ni. "Au, wato ba dubiya kika zo ba. Tsohuwa na fama da ranta, ke kina fama da mai."

Hawaye suka zubo mini. Ban kare kaina ba, na dai juya mata bayana ta ga wuyan yarinyar da na goya. Laure ta ajiye ludayi.

"Innalillahi. Haka ya zama?" Ta tashi. "Zo mu tambaye ta."

Na durƙusa a bakin gadon. Na gaya wa Inna komai, har da Juma'a, har da aska. Idonta ya cika da ƙwalla. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna wani tulu a lungun ɗaki. Laure ta buɗe: ƙwarar kaɗe ce busasshiya, ta bara, kwano biyu ba ƙari. Ta bana ba ta gama faɗowa daga itace ba, balle ta bushe.

"Na gani, Inna. To ya zan yi da ita?"

Ta yi ta kokawa da bakinta. Jijiyar wuyanta ta miƙe.

"Ka... ɗa," ta ce. Ta huta. "Kaɗa... wuta."

"Me ta ce?"

"Kaɗa a wuta," in ji Laure. "Ai kin ji. Yadda kowa ke yi ke nan, sai dai ki dage da kaɗawa. Hannu ne sirrin, ba wani abu ba."

Inna ta sake buɗe baki, tari ya sarƙe ta. Laure ta tallafe ta, ta yi mini alama da ido in tafi haka nan.

Ran Laraba tun da sassafe na hura wuta. Na ɗebi kwano ɗaya na daka, na soya a kasko har ta yi baƙi-baƙi kamar yadda na ga matan garinmu suna yi, na niƙa a dutse har tafin hannuna ya yi kanta. Na kwaɓa da ruwa, na ɗora a murhu, na tsaya a kai ina kaɗawa, hayaƙi na cika mini ido, Maijidda na tsala ihu a bayana. Da ya kwanta sai ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, yana ƙaurin hayaƙi. Na ce wa raina wataƙila in ya kwana zai yi fari. Ban iya jira ba. Na shafa mata a kafaɗa ɗaya.

Kafin in wanke hannu wurin ya tashi luhu-luhu kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Ta sandare, ta yi kukan da babu sauti a cikinsa. Na zauna a tsakar gida na rungume ta ina cewa, "Ki yafe mini, ki yafe mini," ban damu da wanda zai ji ba.

Alhamis da safe na ɗauki man da yarinyar na tafi. Inna ta ƙara zubewa cikin kwana biyun nan, kumatunta sun lotsa, numfashinta yana fita da ƙara.

"Inna, na yi yadda kika ce. Duba."

Na kai ƙwaryar kusa da hancinta. Ta shaƙa, ta kawar da kai, fuskarta ta yamutse.

"Wataƙila yawa kika sa," in ji Laure. "Ɗan ɗiga kaɗan a ƙafa ta ga yadda kike shafawa."

Na lakato, na kamo ƙafar Maijidda. Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Ban san akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikin Inna ba. Farcenta ya shiga fatata.

"Kaɗa!" ta ce. "Kaɗa! Kaɗa!"

Tana faɗa tana girgiza kai, tana ture hannuna daga jikin yarinyar.

Na tsaya cak. Wanda ke cewa a kaɗa ba ya girgiza kai. Na tuna yadda ta kira sunana ran Lahadi, yadda harshen ya kasa ɗaga "da" ya mayar da ita "ɗa".

"Inna," na ce, "kada kike cewa? Kada in shafa?"

Ta lumshe ido, ta buɗe.

"Kada wuta? Kada in sa wuta ko kaɗan?"

Ta saki hannuna. Hawaye ya gangaro ta gefen idonta mai rai ya shige kunne.

"La'ilaha illallahu," in ji Laure, ta dafe ƙirji. "Ni na karkatar da ke. Ni da uwata, na kasa jin maganarta."

"To in ba wuta, da me zai narke?"

Inna ta ɗaga yatsa ta nuna sama, inda haske ke shigowa ta wata ɓula a jinka. Sai a lokacin na tuna: shekara biyu ina maƙwabtaka da ita, ban taɓa ganin hayaƙi ya tashi daga bayan tabarmar nan ba. Abin da nake gani shi ne wata baƙar tukunya a kan katanga, rufe da faifai, tun hantsi har la'asar. Na ɗauka daddawa take shanyawa.

Kwano ɗaya ya rage, yini ɗaya ya rage. Na leƙa waje. Gabas ta haɗa hadari.

Muka jawo gadon zuwa bakin ƙofa yadda za ta riƙa ganinmu. Laure ta ɗaure hancinta da ɗankwali ta ɗauki taɓarya.

"In na yi amai a ciki, ke kika ja," ta ce.

Muka daka ƙwarar ɗanya, muka niƙa. Ɗanyar ƙwara ba ta da saurin ba da kai kamar soyayyiya. Sau uku muna maimaita niƙa, duk sanda na ɗago in ce ya yi, Inna sai ta kaɗa yatsa, a sake. Da na kawo ruwan randa ta ƙi, ta nuna rijiya. Sabon ja take so, mai sanyi. Na zuba hannu cikin ƙullun ina bugawa, ina bugawa, har kafaɗata ta mutu, Laure ta karɓa. Can sai wani farin kumfa ya fara tasowa yana taruwa a sama. Muka kwashe shi muka wanke a sabon ruwa. Inna ta naɗe yatsa ɗaya. Muka sake, ta naɗe na biyu. Da yatsun hannun suka ƙare ta buɗe ta soma daga farko. Sai a wanki na bakwai, da ruwan ya fita garau, ta sauke hannun a kan ƙirji.

Na ɗauko baƙar tukunyar, na zuba, na ɗora a katanga. Babu rana. Hadarin ya rufe rabin sama, iska ta fara kaɗa zana, kaji suka shige ƙarƙashin rumbu. Aka kira azahar. Na yi salla ban san me na karanta ba. Manoman garin nan kaf suna roƙon ruwa a ranar, ni kaɗai nake tsaye a tsakar gida ina roƙon Allah ya riƙe shi.

"Ki bar kallon saman nan haka, za ki huda shi," in ji Laure. Amma ita ma can take kallo.

Aka yi yayyafi, manyan ɗigo, ɗai-ɗai. Na cire mayafina na lulluɓe tukunyar. Sai iskar ta juya. Hadarin ya zame ya yi kudu, wajen Rogo, rana ta buɗe da zafin nan nata na bayan hadari mai cizon fata. Na dafa tukunyar bayan ɗan lokaci, ta ɗau ɗumi. Na sake dafawa, ta yi zafi. Gab da la'asar na ɗaga faifan: man ya narke, ya kwanta a sama garai-garai, ruwa da dusa sun koma ƙasa.

Muka tace da farin ƙyalle, muka sa ƙwaryar cikin ruwan sanyi. Bai fi cikin tafin hannu biyu ba. A hankali ya fara kamawa daga gefe, yana yin fari.

Na kai wa Inna. Ta shaƙa, ta daɗe ba ta saki numfashin ba. Sannan ta tsoma yatsa. Na kwantar da Maijidda a gefenta, ta ɗora yatsan a kafaɗar da na ƙona, ta ja shi a hankali. Yarinyar ta zabura, ta buɗe baki za ta yi kuka, sai ta fasa. Muka zuba wa wurin ido, ni da Laure, ba mai motsi. Bai tashi ba.

Gefen bakin Inna mai lafiya ya ɗan ɗaga.

"Na... uku," ta ce.

Laure ta dube ni ba ta gane ba. Ni kuwa na fashe da dariya da kuka a haɗe. "Inna, ai kin karya doka. Ɗaya kawai na haifa."

Juma'a da hantsi Gwaggo Lami ta iso, Ilu wanzami na biye da ita da zabirarsa a kafaɗa. Ta karɓi yarinyar daga hannuna, ta fita da ita zaure. Na tsaya a bayan ƙofa, na kama azarar ƙofar da hannu biyu. Ina jin ƙarar ƙarafa, Ilu yana zazzage su a kan buzu.

"Tuɓe ta mu gani," in ji Ilu.

Na kasa haƙuri na leƙa. Ya ɗaga hannunta yana duba hammata, ya taɓa wuyan da bayan yatsa.

"Yaushe ta daina susa?"

"Tun jiya da yamma," in ji Malam da sauri. "Ta yi barci har asuba. Rabonta da haka tun Lahadi."

"Barci ai ba magani ba ne," in ji Gwaggo. "Yi aikinka, Ilu."

"Gwaggo, ki duba bakin ƙurajen. Sun kame, ba ruwa. Abin da ya kama hanyar warkewa, in na sa masa aska na tayar da shi." Ya fara mayar da kayansa cikin zabira. "A ba ta mako guda. In ya dawo, kun san gidana."

"Sabi'u, kana ji yana..."

"Na ji, Gwaggo," Malam ya ce, kansa a ƙasa. "A ba ta makon."

Na juya da gudu zan bi ta kafar zana in gaya wa Inna. Ban kai ba. Daga can ɗakin na ji muryar Laure ta tashi da salati, ta sake, sannan ta karye.

An yi wa Inna wanka, Malam ya ɗinka likkafanin da hannunsa. Kafin a tafi masallacin Juma'a maza suka shigo suka ɗauki makara. Mata sun cika tsakar gidan, ana ta "Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta." Ni ina zaune a gindin katanga, na shimfiɗa zanena na kwantar da Maijidda rub da ciki, ba riga. Barci take, bakinta a buɗe, bayanta na sheƙi.

Da makarar ta fice daga zaure, gidan ya yi tsit. Wani ƙuda ya zo ya sauka a tsakiyar bayanta. Na ɗaga hannu zan kore shi, sai na tsaya. Ya yi 'yar tafiya zuwa kafaɗa, ya dawo, ya goge ƙafafunsa, bai sami abin da ya zo nema ba, ya tashi.